Keken da Ba Shi da Ƙarfen Tsakiya

…kuma wai mai ƙafa uku. Ni. Shekara sittin da takwas ina tafiya da ƙafa biyu, yau 'yar da na goya ta kawo ni shagon kekuna tana nuna mini wani abu mai faɗi kamar amalanke, wai "Mama, wannan ba ya faɗuwa." To ai ni ma ban faɗi ba tukuna.

Likita cewa ya yi gwiwa tana son motsi. Motsi kawai ya ce. Bai ce a ɗora ni kan abin tallan kayan miya ba.

Tun a mota muka yi sharaɗi da ita: in na kai ƙarshen layin nan na dawo a kan mai taya biyu, shi za mu ɗauka. In na kasa, mai ƙafa uku, kuma in ja bakina in yi shiru. Ta san shirun ne zai fi yi mini ciwo.

Wancan jan… a'a. Sirdi siriri kamar bakin wuƙa, wa zai zauna a nan in ba mai gaba da kansa ba? Wannan kuma hannunsa can ƙasa, sai mutum ya duƙa kamar mai neman allura. Shekara arba'in ina duƙe a kan ɗinki, ya isa haka. So nake in zauna a miƙe, in ga mai gaishe ni, in ga wanda ya ƙi.

Mai shagon yana ta zuba, wannan keken giyar gudunsa kaza, wancan kaza. Ɗan nan, tsere zan shiga? Bakin lambu da safe, in leƙa ƙawata, in dawo shayina bai gama hucewa ba. Shi ke nan fa.

Wancan na lungu, mai ruwan ganye — fito mini da shi. Sirdi mai faɗi, na danna da tafin hannu, ya lotsa ya dawo. Madalla. Sarƙa a rufe, ba za ta ci mini zani ba. Ƙararrawa… ji muryarta, kamar cokali a jikin kofi. Amma tsaya, ina ƙarfen tsakiyar? Babu. An lanƙwasa shi can ƙasa, wai ƙafa kawai zan ɗaga kaɗan in shige.

Yaya, kana gani? Allah ya jiƙanka, baƙin keken nan naka mai nauyin jaki. Kana barcin rana in lallaɓa in janye shi daga bayan ƙofa. Shekarata tara, sirdi a kafaɗata yake, sai in zura ƙafar dama ta ƙarƙashin ƙarfen, in rataye a gefe, keke ya karkata can ni na karkata nan. Ba wanda ya koya mini. Karatu ma haka na ƙwace shi, ɗinki ma haka. Ka sani ko? Ka sani mana… wa ke barin keke ba kulle kullum da rana, tayoyi cike da iska?

Bismillah. Hannu a nan, ƙafar hagu a kan feda, in zura ta dama, in rataye —

Kai. A jikin me zan rataye?

Mai shago ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa. Yi dariyarka, ɗan nema. 'Yata kuwa har ta dafa kwandon amalankenta. Ashe haka ne. Ashe duk cika bakin da nake yi, ban taɓa zama a kan sirdi ba. Ko sau ɗaya. A gefe na yi yawona duka, kamar wadda aka hana shiga ɗaki take leƙe ta taga.

Sauke mini sirdin nan. Ƙara. Ƙara dai, sai tafin ƙafata biyu sun taɓa ƙasa. Yawwa.

Na zauna. Laushi… ikon Allah, dama haka maza suke jin daɗinsu shekara da shekaru ba su faɗa ba?

Tura. Kan keke yana lilo, hagu, dama, kwata tana kirana — ba zan zo ba. Taka. Taka kuma. Gwiwa ta ce ƙas, yi shiru, ke aka zo yi wa magani. Ya miƙe. Ya miƙe, Yaya, a tsakiya nake, a zaune, bayana a miƙe kamar mai gidan duniya! Iska tana shiga mayafina, mai wankin mota ya saki tiyo yana kallo, kalla da kyau, na kaɗa masa ƙararrawa. Can baya ina jin "Mama, a hankali," muryar tana ƙanƙancewa, kuma in kunnena bai yi mini ƙarya ba, dariya ce a cikinta.

Wa ke wannan ƙyaƙyatawar? Ni ce?

Ga ƙarshen layi. Ɗan gangare ne ashe. In tsaya, in juya, in koma in karɓi kayana. In tsaya…

A da can, ya nake tsayawa?

Dirowa. Dirowa nake yi, in saki keken ya je ya kwanta a yashi, shi ya sa ƙararrawarka ta lanƙwashe, kuma ba ka taɓa tambaya ba. Ƙafafun nan kuwa ba na dirowa ba ne yanzu. Mai shago ya ce wani abu a kan birki, na hagu ne ko na dama, ina can ina hira da kai ban ji ba…

Ƙarfen birkin yana da sanyi a ƙarƙashin yatsuna. A matsa a hankali, ya ce, wannan kaɗai na tsinta. Ni da ban taɓa yin komai a hankali ba — kuma wallahi, Yaya, ban ma so in matsa tukuna…