Ba Mai Amshi a Ɗakin Ishaku

"Ammu Ishaku, buɗe baki ka sha ko kurɓi ɗaya ne."

Tsohon ya kawar da kai, kunun ya zubo a gefen gadon igiyar. Kubra ta goge da bakin mayafinta. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da maƙwabcin nata, wanda take kira Ammu, wato baffa, ita ke leƙo shi, don matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa kuma yana can duwatsun Nuba inda yaƙi ya rufe hanya.

"Kira min su," ya ce, numfashinsa na ƙara kamar zuga-zugi. "Su zo su yi mini waƙa."

"Su wa, Ammu?"

"Yarana mana."

Kubra ta san su. Ita Musulma ce, shi Kirista, katangar laka ce kawai tsakaninsu a unguwar Dar Salam, kuma ta cikinta ta ji tarihin ƙungiyarsa ta waƙar coci, Muryar Bege, kaf. Ishaku ne ya kafa ƙungiyar tare da 'yan'uwansa masu walda a unguwar masana'antu ta Mantiƙa Sinaiya, tun kafin soja su karɓi mulki. Da yaƙin Kudu ya koro mutane, mata suka shigo, waƙar ta yi daɗi. Da aka rushe unguwarsu aka zubar da su nan cikin rairayi, a ƙarƙashin rumfar buhuna suka ci gaba. An kama Butrus mai ganga a tashar mota aka kai shi aikin soja, bai dawo ba. Hanna mai zazzaƙar murya ta tafi Alƙahira. Duk wanda ya fita wani ya maye gurbinsa, har ƙasar ta rabu biyu, 'yan Kudu suka ɗaure kaya.

Ta fita tana ƙwanƙwasa ƙofofi. Gidan Yuhanna an sa kwaɗo. Gidan su Roza wasu baƙi ne a ciki. A cocin, mai gadi ya ce mata, "Hajja, saura Marta kaɗai. Tana filin tashar jirgin ƙasa a Alshajara, suna jiran motar Kudu."

Rana ta take tsaka lokacin da Kubra ta sauka daga hafila, motar haya, ta uku. Filin cike yake da gadaje, randuna da kwanon rufi da aka ɓamɓaro daga gidaje, mutane zaune a kan kayansu wata da watanni. Ta sami Marta tana tuƙa tuwo a bayan wani kabad.

"Ba zan iya ba, Kubra," in ji Marta. "An ce yau motocin za su zo."

"Haka aka ce muku wancan watan."

"In suka zo ba na nan fa? Jikokina fa?"

Kubra ta durƙusa a cikin ƙasar nan mai zafi, ta riƙe mata ƙafa. "Don Allah, ya Marta. Mutumin nan ba zai kai magariba ba. Ni ban san abin da ake faɗa muku a irin wannan lokaci ba. Kar ki bar shi ya tafi da ni kaɗai a kansa."

Marta ta dubi tukunya. Sai ta miƙa wa 'yarta muciya, ta ce, "Ki riƙe wayarki a hannu."

Suka same shi idanu a rufe. Marta ta dafa goshinsa. "Malam, ni ce."

"Ina sauran?"

"Suna hanya."

Ta tsaya a gefen gadon, ta gyara murya, ta ɗauko tsohuwar waƙarsu ta masu haye kogi. Irin waƙar nan ce da mai bayarwa ke jefa baiti, jama'a su amsa. Marta ta jefa, ta dakata. Shiru, sai kukan jakin mai ruwa a waje. Ta sake jefawa, muryarta ta karye. Ta dubi Kubra, Kubra ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

A baiti na uku suka ji ƙwas, ƙwas. Yatsan Ishaku ne ke buga katakon gadon, daidai inda amshi ya kamata ya faɗo. Marta ta ɗaga murya, yana bugawa, tana bayarwa, yana bugawa. Can ta jefa baiti, yatsan ya ɗaga, ya sauka a hankali ba ƙara.

Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshen waƙar. Ta rufe masa ido, ta yi addu'a da harshensu. Ba ta gama share fuska ba wayarta ta yi ƙara.

"Mama, sun zo! Ana loda kaya, ana kiran sunaye!"

Marta ta dubi gawar, ta dubi ƙofa. "Wa zai binne shi?"

"Tafi," in ji Kubra. "Mijina Ilyasu zai je ya kira fada daga coci. Mazan unguwa za su haƙa kabari. Tafi, kar su bar ki."

Marta ta sumbaci goshin tsohon ta fita da gudu, takalminta a hannu.

Kubra ta aika a kira Ilyasu daga kasuwa. Ta ciro farin zane daga akwatinta ta lulluɓe maƙwabcinta, amma zanen bai kai ƙafafun ba. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna daga wajen ƙafafun, tana kore musu ƙuda da bakin mayafi.