Bugu Biyu a Murfin But

…kuma ai ba ta kai tafin hannu ba, tsatsar. Wata uku da suka wuce ma kamar ƙwayar wake take, can gefen dama na murfin but, sama kaɗan da fitila. Yanzu fentin ya yi ƙuraje, in na danna da yatsa sai ya ce ƙaras. Ga motar can ina hango ta ta gilashin ɗakin jira, a tsakiyar garejin kamfani, an ɗage mata murfi kamar mara lafiyar da likita ya ce ta buɗe baki.

Sanyin ɗakin nan barci yake sa ni. Kujera mai laushi, talabijin ba murya, wata mata tana juya cokali a kofi, tana ta juyawa… Jibi garantin zai ƙare. Shekara shida cif. Kai ka adana takardar, Kwandasta, cikin ambulan, ƙarƙashin takardun haihuwar yaranmu, ka rubuta a baya da manyan baƙaƙe: KADA A JEFAR. Wa zai jefar? Ko kwalin ashana ba ka yarda a jefar ba a gidanmu.

Ƙanena ya karanta mini ita jiya, yana bin layi da yatsa. Wai Yaya, tsatsa iri biyu ce a wurinsu. In daga cikin ƙarfe ta taso, laifinsu ne, su sa miki sabon murfi kyauta. In wani abu ne ya bugi fentin daga waje, ke ta shafa. Saboda haka ki ja bakinki ki yi gum. Ni da yin gum? Shekara ashirin ina gaban allo… To, na yi. Ai ban san komai ba ma balle in faɗa.

Get ɗinmu mai ƙunci. Kwata a hagu, sandar lantarki a dama. Kai a baya da silifas, kofin shayi a hannu — taho, taho, karya hagu, ya isa! Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, shi ke ba da umarni. In na ce zo ka koya, sai ka ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, Direba. Sannan bugu biyu a bayan motar. Ƙwas-ƙwas. Wato hanya ta buɗe, Allah ya tsare. Daga nan sunan ya bi ka, har yara suka ɗauka, har maƙwabta.

Wata goma sha ɗaya da rasuwarka. Sau biyu na goga get. Ranar nan na fito da ribas na tsaya a tsakiyar layi, ƙafata a kan birki, ina jira… me nake jira? Har mai shagon gabanmu ya taso, Malama, ko ta mutu ne a tura? Na ce a'a. Na ja na tafi, hanya duk ta yi ruwa-ruwa a idona. Ina kewarka, Kwandasta, kuma haushinka nake ji. Ka koya mini jira, ba ka koya mini duba madubi ba.

Cokalin matar nan ya tsaya. Injiniya ne a kaina, mai farar riga, gashinsa ya fara furfura. Bismillah, Hajiya, zo ki gani.

Warin mai da roba. Ya sauke murfin, ya haska ƙaramar tocila, ya ɗora gilashin ƙara girma. In sunkuya, in duba gefen da tsatsar ba ta kai ba tukuna. Ɗigo-ɗigo… ƙananan ramuka, sun fi a ƙirga, duk sun taru wuri guda kamar inda kaza ta yi tsattsaga. Yana magana, muryarsa daga nesa take zuwa mini. Wai shekararsa goma sha takwas a aikin nan bai taɓa ganin irinsa ba. Tsakuwa daga gaba take dukan mota, ba daga baya ba, kuma ba ta zaɓar wuri ɗaya.

Daidai tsayin ƙugunka. Hannun dama — na hagu yana riƙe da kofi.

Zoben nan naka na azurfa, mai kauri. Za ka fasa mini fenti, bawan Allah! Ƙarfe ne, Direba, ba ƙwai ba ne. Kana dariya, shayi yana zuba a silifas. Kowace safiya. Ranar da muka yi faɗa ma ka fito, ba ka ce taho ba, da hannu ka yi, amma ka buga. Shekara biyar da wata ɗaya… ashe rubutu kake yi ban sani ba.

Mutumin kirki ne injiniyan. Ya dubi fuskata, ya kashe tocilar. Wai tsatsar ta riga ta cinye tsakiya, hoto ba zai nuna komai ba, zai rubuta cewa daga ciki ta taso. Ni dai in sa hannu a nan, layin ƙasa: ban san wani abu da ya taɓa bugun wurin ba. Yau su kwance, gobe in zo in ɗauki motata fes.

Tsohon murfin fa? Na ji bakina yana tambaya. Ai na kamfani ne, Hajiya, ƙa'ida ce. Ana mayar musu, su narkar.

Su narkar…

In na bari? Damina na tafe. Tsatsar za ta huda murfin, ruwa ya shiga but, littattafan ɗalibaina su jiƙe. Za ta ci ramukan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya isa ya hana ta. Mai fenti kuma gogewa zai yi har ƙarfe, ya shafe. Ta ko'ina tafiya za ka yi. Rigunanka na raba, takalmanka na bayar, muryarka ta fara ɓace mini — wallahi jiya sai da na rufe ido kafin na tuno yadda kake cewa ya isa. Wannan tabon kaɗai ne naka da har yanzu yake motsi, yake girma, kullum in na fito na tarar ya ƙaru. Shi na kawo a cire mini. Da ƙafata na zo, da ambulan ɗinka a hannu.

Kai da kake nan me za ka ce? Ki sa hannu, kyauta ce? Ko ranar wanka ba a ɓoyon cibi? Duka biyun halinka ne, shi ya sa ba ka da amfani a shawara.

Zoben yana cikin jakata, a 'yar ledar da nas ta miƙo mini a asibiti. Ina jin nauyinsa a kafaɗa. Makanike ya ɗauko sifana, ya jingina da motar yana kallona. Injiniya ya miƙo biro, ya danna masa kai da kansa don kada in wahala.

Ban san wani abu da ya taɓa bugun wurin ba…

Biron yana hannuna. Na gaji, Kwandasta. Ban ga bayana ba, ban san ko kwata ce ko hanya. Ga ni dai a tsaye, ƙafata a kan birki — ka buga mana.