Hannun da Ke Ɗura Magani

Benjamin manomin masara ne a Kakau, kuma bai iya lallashi ba. Ko 'yarsa Precious, da tana ƙarama, in ta soma kuka uwarta yake miƙa wa. Amma karensa Ƙyalesu, wani ja mai yagaggen kunne, tare suke fita gona, tare suke dawowa, lomar ƙarshe ta tuwonsa kuma ta karen ce. Matarsa Naomi kuwa ba ta taɓa ba karen ko ƙanzo ba. Ta ce don a yi wa danginta habaici aka raɗa masa wannan suna, don haka in ya leƙo kicin muciya yake sha.

Tsakiyar damina kare ya kwanta. Dasashinsa ya yi fari, ko akuya ta shigo gida sai dai ya bi ta da ido. Benjamin ya naɗe shi a buhu, ya hau babur da shi har wurin wata likitar dabbobi a Sabon Tasha. Ta ce ciwon da kaska ke sawa ne. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce kullum a ba shi kada a fasa, kuma da abinci a cikinsa, don maganin yana tayar da zuciya.

Benjamin ya ga abin ba wuya. Ya cusa ƙwaya a lomar tuwo, kare ya haɗiye. Ba a jima ba ya koma gindin mangwaro yana kakari, ya amayar da kome, miyau na dalala. Washegari ya sunsuna tuwo ya kau da kai. Sai Benjamin ya sa a ƙosai. Ƙosai ya yi aiki sau ɗaya. Ya sa a busasshen kifi, shi ma sau ɗaya. Har Gonin Gora ya je ya sayo tsire, abin da bai taɓa kawo wa mutanen gidan ba.

"Oho," in ji Naomi. "Ashe ka san hanyar mai tsire."

Tsiren ma sau ɗaya ya ciwu. Daga nan duk abin da ya fito daga hannun Benjamin, da magani ko babu, Ƙyalesu ba ya ko sunsunawa. Da ya ji takun ubangidansa sai ya rarrafa ƙarƙashin rumbu. Haƙarƙarinsa suka fito kamar haƙoran mataji. Ga magani ba ya zama sai da abinci, ga kare ya daina ci. In aka tafi a haka mutuwa zai yi, Benjamin ya sani.

Wata safiya yana tsugune bakin rumbu da kan kifi a hannu yana cewa, "Fito mana, ɗan banza, fito," sai Naomi ta kira shi daga wurin wanke-wanke.

"Baban Precious, bar wahalar da kanka. Jiya da ka tafi gona na zubar da ragowar koko a nan. Ya fito ya lashe tas."

"Ya ci? Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Yanzu me nake yi? Waƙa?"

"To ba ni kokon in ba shi."

"Ka ba shi ka lalata kokon ma? Ba abincin yake ƙi ba, mai gida. Kai yake ƙi."

Maganar ta soke shi. Ya tashi ya zagaya bayan gida kamar zai duba kaji, ya kira likita a waya. Ta ce a daina ɓoye ƙwaya a abinci. A bar shi ya ci ya ƙoshi, ya ɗan huta, sannan a buɗe bakinsa a tura ta can ciki. In aman bai tsaya ba a dawo da shi ta canza magani.

Ya dawo ya tsaya kan Naomi yana sosa ƙeya.

"Maman Precious, ke za ki riƙa ba shi abinci. Ni zan riƙa ɗura masa."

"Ka bar mini ɗurar mana. Dama ni da shi ba shiri. Tsanar da ya yi mini ba za ta ƙaru ba."

"A'a. Hannunki kaɗai ya rage a gidan nan da bai yaudare shi da abinci ba. Nawa ya riga ya ɓaci. A bar shi a ɓace."

Naomi ta dube shi. Ta dama koko mai kauri, ta murmusa kifi a ciki, ta ajiye kwanon a bakin rumbu tana mita: "Zo ka ci, mai zagin dangina." Ƙyalesu ya leƙo, ya duba hagu da dama, bai ga Benjamin ba, ya sa baki.

Da abincin ya kwanta masa, Benjamin ya zo ya jawo shi, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya ɓare bakin, ya tura ƙwaya, ya rufe, yana shafa maƙogwaron da babban yatsa har ta wuce. Karen bai yi gurnani ba. Kallonsa kawai ya yi, da aka sake shi ya tafi ya kwanta a bayan Naomi. Ranar ya yi kakari, amma kokon ya zauna.

Haka aka ci gaba. Dasashi ya soma ja. Ya soma yi wa akuya haushi daga kwance. Har yanzu in Benjamin ya shigo tsakar gida sai ya sunkuyar da kai ya nemi zanin Naomi, don haka lokacin cin abinci Benjamin ficewa yake yi. Yakan tsaya a bayan katanga da fartanya a kafaɗa, yana jin ƙarar kwano a kan siminti, harshen karen na tura shi.

"Ya cinye?" ya tambaya ta saman katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Har yana neman ƙari."

"Ƙara masa. Zan jira a nan."