Jan Madannin Injin Baba

Ranar da na fara tsorata da hannun Baba, shayi yake zubawa. Kofi ya cika ya tumbatsa, ruwan zafi ya bi tebur ya gangaro masa kan yatsu, shi kuwa yana tsaye, idonsa a bango, kamar mai sauraron kira daga nesa. Na kira shi bai amsa ba. Sai da na ƙwace butar sannan ya dawo, ya dubi teburin, ya dube ni.

"Auta, wa ya jiƙa wurin nan?"

"Ni ce, Baba. Hannuna ne ya goce."

"Ke dai har yanzu ba ki daina rawar kai ba," in ji shi, ya ɗauki tsumma yana goge ɓarnar da ya ɗauka tawa ce.

Likita ya ce mini ragowar ciwon da ya kwantar da shi bara ne. Ƙwaƙwalwar ce take ɗaukewa kamar wutar lantarki, ta dawo da kanta, kuma mai ita ba ya sanin ta tafi. Na roƙe shi kada ya faɗa wa Baba haka gatsau, don mutumin bai daɗe da tashi daga jinya ba. Sai likita ya taƙaita, ya ce masa kawai ya bar tuƙi, ya bar hawa tsani, ya nisanci duk wani inji mai haƙora. Baba ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Muna shiga mota ya ce, "Kin ga hannun yaron nan? Ko sukudireba bai taɓa riƙewa ba."

Tuƙi dai ya bari, don na ɓoye makullin. Inji ne matsalar.

Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran injuna a masana'anta. Da ya yi ritaya, Mama kuma ta rasu, sai ya koma zaman kujera, ba magana ba dariya, rediyo na yi shi ba ya ji. 'Yan Asabar ne suka fitar da shi daga wannan ramin. Ƙungiya ce ta mutanen da ke da aikin yi a ofis amma hannunsu yake musu ƙaiƙayi. Suna taruwa a wani tsohon gareji a bayan layin shaguna, kowa da abin da ya dame shi: wannan yana ƙera agogon bango, wancan ya dage sai ya mai da injin wanki injin niƙa. Ba sa jefar da komai. Ƙusar da ta lanƙwashe ma gwangwaninta daban. Shugabarsu Malama ce, tsohuwar shugabar makaranta da ta koyi walda bayan ta ajiye alli. Sai Dogo, ma'aikacin banki, wanda yake ganin shi kafinta ne da ƙaddara ta kai teburin ofis. Dukansu Injiniya suke ce wa Baba, kuma babu wanda bai koyi wani abu a hannunsa ba.

A tsakiyar garejin injin zarto yake zaune. Baba ne ya haɗa shi da kansa: motar lantarki da ya ciro daga tsohon famfon ruwa, tebur daga wata ƙofar ƙarfe, faifan zarto mai faɗin faranti yana leƙowa ta tsakiya. A gefe ya maƙala wani jan madanni mai girman murfin gwangwani, wanda ko da gwiwa ka buge shi injin zai mutu nan take. In aka kunna injin nan, ƙararsa har cikin haƙoran mutum take shiga. Ni dai ban taɓa son sa ba. Yanzu kuwa duk Asabar da na kai Baba, sai in zauna a kan benci ina kallon yatsunsa suna tura katako zuwa bakin zarton.

Ana cikin haka ƙungiya ta yi alkawarin koya wa iyayen unguwa ƙera benci, don makarantar firamaren da ke kusa yaranta a ƙasa suke zama. Aka sa ranar a ƙarshen wata. Wa zai yanka katako a gaban jama'a? Tambayar ma ba ta taso ba.

Na ja Malama da Dogo bayan tulin katako na faɗa musu komai. Malama ta ɗage gilashin waldarta.

"'Yata, shi ya sani?"

"Bai sani ba. Ba ya tunawa."

"To sai a faɗa masa."

"Ke za ki faɗa masa, Malama?"

Matar da ta shekara da shekaru tana sa ƙartin ɗalibai rawar jiki da kallo ɗaya, sai ga ta tana gyara safar hannu. Ta ce ita fa ta ga yadda ya zo musu da farko, kamar gawa mai tafiya, ba za ta iya mai da shi can ba. Dogo ya ce shi ko a mafarki ba zai dubi Injiniya ya ce masa ya sauka daga kan injinsa ba. Muka tsaya cirko-cirko, manya uku, kowa yana jiran wani ya yi jarumta.

Can Dogo ya ce, "To me zai hana injin ne ya ƙi? In inji ya mutu ai ba a ci fuskar kowa ba. Sai mu kai katakon a yanko mana a waje."

Wallahi a lokacin dabarar ta yi mini daɗi. Ba wanda ya tsaya ya tuna wa muke shirin yaudara.

Asabar ta farko Dogo ya zare fis. Baba ya danna makunni, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Muka haɗa baki muna jajantawa, Dogo har da salati. Baba ya durƙusa, ya buɗe akwatin wuta, ya laluba aljihun rigarsa ya fito da fis sabo fil. Mutum ne da yake yawo da fis kamar yadda wasu ke yawo da alewa. Kafin shayin Malama ya huce, injin yana ihu.

A wannan ranar ya ɗauke a mota muna komawa gida. Yana tsakiyar ba ni labarin wani tsohon maigidansa, sai maganar ta yanke. Bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Na wuce shataletale, na wuce gidan mai, sannan ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya. Na ƙiyasta tsawon shirun a raina, na ƙiyasta tazarar da ke tsakanin yatsa da zarto.

Asabar ta biyu Dogo ya yanke wata waya can cikin motar injin, ya mai da bawonta yadda ido ba zai gani ba. Wannan ta ɗan ja lokaci. Baba ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta rigingine, testar gwada wuta a baki, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji Baba yana waƙa tun Mama tana da rai. Kafin a tashi ya gano wayar, ya ɗaure ta, ya naɗe da salatif. Ya miƙe yana kakkaɓe dusar katako, fuskarsa tana sheƙi kamar wanda aka yi wa albishir. A gida ya ci abinci har da ƙari.

"Mun ƙara masa lafiya ne kawai," in ji Malama da na ba ta labari.

Na kira yayana da ke aiki a wani gari na ce ya zo ya yi wa mahaifinsa magana. Ya ce ai ni ce a kusa, ni na fi sanin takansa, kuma in bi a hankali kada hawan jininsa ya tashi. Shawara daga nesa ba ta da wuya. Na kashe wayar ina huci.

Dogo ya ce saura dabara ɗaya, wadda ko Injiniya ba zai shallake ba. Ya kwance jan madannin, ya karya wani ɗan ƙarfe a cikinsa, ya mayar. Yanzu injin zai riƙa jin kamar kullum an danna masa tsayawa. Irin madannin nan ba a samunsa a kasuwar kusa, sai an yi oda, kuma ba zai iso ba sai bayan taro. Asabar ta uku Baba ya wuni a ƙarƙashin teburin. Ya fito yamma liƙis, ya tsaya ya daɗe yana kallon madannin, ya kuma kalli Dogo. Dogo ya shiga share wurin da ya riga ya share.

"Ya gagara, ranka ya daɗe?"

"Za mu gani," in ji Baba.

Na yi barci mai nauyi a makon nan, karo na farko tun ranar shayi. Abin da ban sani ba, Baba yana da nasa makullin garejin, kuma masu babur ba sa tambayar takardar likita. Ina wurin aiki yake fita, kafin in dawo ya dawo ya wanke hannu. Na ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa wata rana, na ce ko keken maƙwabci ya gyara.

Ranar taro garejin ya cika maƙil. Iyaye maza da mata, wasu da guduma daga gida, kowa an ba shi takunkumi da gilashin kare ido. An jera katakon da Dogo ya yanko a waje. Malama ta yi maraba, ta ce abin takaici babban injinmu ya samu matsala, don haka za a fara daga haɗawa. Ba ta rufe baki ba Baba ya ɗaga hannu daga baya. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, a goge, har da fensir a kunne.

"Malama, wa ya ce ya samu matsala?"

Ya ratsa mutane, ya danna makunni. Injin ya yi tari ɗaya ya ɗauki ihu. Jama'a suka yi tafi. Na dubi Dogo, na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya matso kusa da kunnena.

"Ba zai yiwu ba. Sai dai in..."

"In me?"

Idonsa yana kan wata sabuwar waya da ta fito daga akwatin wuta, ta zagaye jan madannin ta bayansa, ta shige motar injin kai tsaye. An naɗe ta tsaf, aikin gwani.

Baba ya ɗauki dogon katako yana bayani da ƙarfi don ya rinjayi ƙarar injin. Ga yadda ake tsayawa, ga inda ake sa hannu, kada a yi gaggawa. Ya yanka na farko, ya fita sumul. Aka sake tafi. Na fara kutsawa cikin mutane, ina cewa a ba ni hanya, ba wanda yake ji na. Wata mata ta ce in yi haƙuri mana, kowa ma so yake ya gani. Ya ɗora na biyu. Yana cewa, "Abu mafi muhimmanci shi ne idonka ya kasance a kan..." sai maganar ta yanke.

Idonsa ya tafi bango. Hannayensa kuwa ba su tsaya ba, don sun yi shekaru suna wannan aikin ba tare da an umarce su ba. Katakon ya ci gaba da shiga.

Dogo ya yi tsalle ya naushi jan madannin. Ya sake naushi. Ya sa gwiwa ya buga. Injin bai ko sauya murya ba. Malama ta ruga wajen babban makunnin wutar garejin da ke bangon ƙarshe, tana ture mutane. Ni na isa bayan Baba, na cakumi wuyan rigar na fizgo shi da iya ƙarfina. Muka faɗi tare a kan dusar katako. Sai a sannan ƙarar ta fara sauka, a hankali, kamar ba ta so.

Na makara da yatsu biyu.

Na naɗe hannun da mayafina. Dogo ya ɗauki Baba cak zuwa mota yana kuka kamar ƙaramin yaro, na ce ya koma ya nemo yatsun da suka faɗi ya sa a ƙanƙara ya biyo mu. Na ja motar. Baba yana gefena, ya rungume hannun a ƙirji, jini yana ratsa mayafin. Bai yi ko nishi ba. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Ki ce wa Dogo kada ya damu. Tun fis ɗin nan na san shi ne. Yankan wayarsa ma na gane, ni na koya masa." Ya ja numfashi. "Na ɗauka gwada ni kuke yi, ku ga ko tsoho ya iya har yanzu. Na ji daɗin wasan, wallahi."

Hanya ta cushe, na danna hon ba dalili.

"Amma Auta, abu ɗaya ne ban gane ba. Idona yana kan zarton. Ina kallonsa, sai kawai na gan ni a ƙasa. Me ya faru?"

"Baba, kana ɗaukewa. Kana tafiya ka dawo ba ka sani ba. Shi ya sa likita ya hana ka inji."

Ya juyo ya dube ni sosai.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan ciwonka na bara."

"Malama ta sani? Da Dogo?"

"Sun sani. Yaya ma ya sani."

Ya mai da kansa jikin kujera, ya dubi dunƙulen mayafin da ke ƙirjinsa.

"Kowa ya sani kenan," in ji shi. "Sai mai hannun."

Motocin gabanmu suka motsa, na sa giya na bi su.