Allurar Baba Gambo

A shekarar da sojoji suka koma bariki gigin tsufa ya kama Baba Gambo, tsohon maɗinkin manyan riguna a unguwar Soron Ɗinki. Kullum bayan azahar sai ya miƙe neman allurarsa, wai mai riga yana hanya. 'Yarsa Ladi, wadda take jinyarsa, ta ɓoye allurar tun ranar da ya soke tafin hannunsa. In ta ce babu wata riga, sai ya hau ta da duka. Ranar Talata ya fasa mata leɓe da buta.

"Juma'a zan zo da maƙeri," in ji yayanta Audu. "Mari za a sa masa a ƙafa, kafin ya kashe ki."

Abinci ya gagari Ladi. Ta zari mayafi sai unguwar Zaitawa, wurin Malama Hajo, tsohuwar nas mai koya wa mata jinyar tsofaffi a tsakar gidanta.

Malama ta saurare ta tsaf, sannan ta miƙe. "Ni ce Baba. Hana ni fita."

Ladi ta sha bayanta ta cafke mata hannu.

"Kai, 'yar nan! Ko ni ce sai na mare ki. Ta gaba ake zuwa. Ki durƙusa inda hannunsa ba zai kai ba, ƙofa tana bayanki. Ki kwashe buta da sanda. Kuma ki daina ce masa babu riga. Kawo masa ita."

"To allurar fa, Malama?"

"Me maɗinki yake yi kafin ya ɗau allura?"

Ladi ta ce, "Zane."

Sau bakwai suka maimaita, Malama tana zagi da ture-ture, Ladi tana koyon sassauta murya.

Ranar Alhamis ta gwada. Ta yi gaggawa, ta miƙa masa riga da tawadar zane a tsaye, ya watsa mata tawadar a fuska. Ta shige madafa ta yi kuka har la'asar.

Juma'a ana saukowa daga masallaci Audu ya iso, ya bar maƙeri a zaure. Baba yana tsakar gida yana zazzage tabarmi, yana ihu an sace masa allura.

"Yaya, don girman Allah, ka tsaya nan," in ji Ladi.

Ta zagaya ta gaban Baba ta durƙusa. Ta shimfiɗa farar rigar da ba a taɓa wa aiki ba, ta ajiye alƙalami da tawada.

"Malam, barka da aiki. Ga rigar."

"Allura!" Ya ɗaga hannu.

Ba ta tashi ba, ba ta kare kai ba. "Ai ba a zana ba tukuna, Malam."

Hannun ya tsaya. Ya dubi wuyan rigar. "Wane sakarai ne zai sa allura babu zane?" Ya zauna, ya tsoma alƙalami. Layin ya fito a karkace, amma ya fito.

Audu ya matso, ya yi ƙasa da murya. "In ya gama zanen fa?"

"In wanke, ya sake."

"In ya gane?"

"Ban sani ba, Yaya."

Ya daɗe yana kallon leɓenta.

"Na ba ki mako guda," Audu ya ce, ya fita ya sallami maƙerin.