Baƙaƙen Tumakin Hajji Mizhir

Tun daga cikin mota Nibras ta hangi tumakin, baƙaƙe ƙirin kamar an tsoma su a kwalta. Daga Mosul ta zo da Rafid, mai riƙe mata kyamara, tana haɗa fim kan abin da yaƙi ya bari a ƙauyukan Ƙayyara. Mayaƙa sun cinna wa rijiyoyin mai wuta kafin su gudu. Wutar ta yi wata da watanni tana ci, har yara suka manta kalar sama.

Mai tumakin, Hajji Mizhir, dattijo ne da tari ya ƙi saki. Ya ce farare sol ya gada, hayaƙi ya rine su, ya wanke su da sabulu har hannunsa ya tsattsage, a banza.

"Baba, to cikinsu fa?" in ji Nibras.

"Zauna tukuna, 'yata. Ke da tambaya kamar alƙali, ko shayi ba ki sha ba."

Ya kama rago ya yanka musu. Da ya farke cikin, huhun ya fito baƙi, hantar duk tabo. Rafid ya matso da kyamara yana ɗauka. Tsohon ya jefa wa kare kayan cikin, karen ya sunsuna ya juya.

Da azahar aka kawo naman a kan shinkafa. Rafid ya ce ciki ke damunsa. Nibras ta ga jikokin gidan sun kewaye nasu farantin suna ci hannu baka, hannu ƙwarya, sai ta sa hannu. Naman yana ƙaurin man fetur.

Da za su tafi, Hajji Mizhir ya rako su har mota.

"Wannan huhun, ki cire shi daga fim ɗin. Ki nuna ni, ki nuna tarina, ki nuna hayaƙin. In mahauta suka gani, ba mai sake sayen dabbar ƙauyen nan."

"Baba, mutane na cin naman nan. In ba a gani ba, ba wanda zai zo ya gyara ƙasar."

"Waɗanda suka gani da idonsu ma ba su dawo ba."

Ta daɗe tana shawara, a ƙarshe ta bar huhun a fim. Aka nuna shi a ƙasashe da dama, 'yan kallo suka yi kuka, aka ba ta lambar yabo.

Da bazara ta koma ƙauyen. Malalar mai tana nan daskare a gonaki. Matar Hajji Mizhir, Umm Sa'adun, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce ta shigo ba. Ta ce mahauta sun daina zuwa, ciyawa ba ta fito ba, tumakin suka yi ta mutuwa a garke. Tsohon ya kora ragowar zuwa yamma, inda ba a san shi ba.

"Ya ga fim ɗin?" in ji Nibras.

"A wayar maƙwabci. Ya ce ya fito da kyau."

Ta rufe ƙofar a hankali.