Ƙafar Hagu da Kiɗan Ƙwarya

Ran Talata ce, da hantsi, tana tsinkar zogale, kwano ya suɓuce mata… wata huɗu ke nan. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ga Uwaliya yanzu tsaye a tsakar gida, dafe da bango, ƙafar hagu kamar ta aro.

Ran Juma'a autarta Mukarrama za ta koma ɗakin mijinta a Kudan. Daga nan wa zai riƙa kai ta bayi? Wa?

Lubna, mai yi mata gashin ƙashi a asibiti, ta taɓa ce mata, "Mama, ki bar ƙirga taku. A yi miki kiɗa, ki bi shi kamar rawa. Ƙafar za ta tuna."

Rawa… a gidan Malam Iliyasu? Shekara talatin da ɗaya tun ran da ya ce, ba da faɗa ba, matar malami ba ta shiga fili. Ita da can a Gubuchi, in ta ɗaure gyale a ƙugu, mata ke ja da baya su ba ta wuri—

Mukarrama ta kifa ƙwarya, tana taɓawa da kan yatsu, idonta na ƙofar zaure. Malam na ciki yana ba da karatu.

A'a. Ba haka ba. Ya yi sauri, ba wurin saka ƙafa. Biyu, a dakata, sai ɗaya mai nauyi, a kansa ake sauka. To ina yarinyar za ta sani? Wa ya koya mata? Uwaliya ta buɗe baki za ta gyara, harshe ya ƙi. Sai yawu.

Zobenta ta ƙwanƙwasa a bango. Biyu… ɗaya. Biyu… ɗaya.

"Haka, Inna?"

Haka. Amma a ƙara ƙarfi, ƙafar ba ta ji. In an ƙara, Malam zai ji. In ba a ƙara ba, Juma'a…

Uwaliya ta gyaɗa kai, ta yi mata alamar ta ƙara. Ƙwarya ta amsa sosai. Kafaɗa ta fara, ƙugu ya bi—ashe yana nan?—diddige ya rabu da ƙasa, ya Allah, ya rabu—

Karatu ya tsaya a zaure. Ƙarar takalmi.

Ƙafar ta sauka, taƙi guda gaba da inda take. Malam na tsaye a bakin ƙofa, littafi a hannu. Hannun Mukarrama na sama, tana jiran wanda zai fara magana.